MURHUN ƘWAYAR KATAKO DA ƊUMAMA BABBAN GIDA A ƘASASHEN ƊARI



Maganarmu ta yau a kan wani irin murhu ce wanda ba a ɗora tukunya a kansa, aikinsa ɗumama gida kaɗai. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwanmu da shi, mu da zafin rana ya ke damunmu galibin shekara. To, 'yan'uwanmu da ke tafiya Turai da Amurka neman ilmi ko aiki ko fatauci suna da yawa, yawancinsu kuwa ba su taɓa ganin murhun nan ba sai ran da mai gidan haya ya nuna musu shi, ya ce ga abin jin ɗumi nan. Wuta kuwa in ba a san halinta ba ta kan ci dukiya, wani lokaci har da rai.

Ɗarin hunturu da muka sani na dare ne da asuba, da hantsi ya dubi ludayi an yar da bargo. Nasu ba haka ya ke ba. A arewacin Italiya, wajen biranen Milan da Turin, gindin duwatsun Alps, ma'aunin zafi ya kan sauka ƙasa da sifiri da dare cikin watan Janairu, ruwa ya daskare. Ruwa kuwa in ya daskare ya kan ƙara girma da wajen kashi 9 cikin 100, saboda haka gidan da aka bari ba ɗumi sai bututun famfonsa su tsage cikin bango. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada ɗumin ɗaki ya kasa digiri 18, domin sanyin da ya wuce haka ya kan tayar da ciwon ƙirji da na zuciya, musamman ga tsofaffi da jarirai. A Milan da Turin lokacin da doka ta tsayar na ɗumama gidaje ya kama daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu. Watau wata shida cur mutum na ciyar da wuta.

Abin da a ke zuba wa murhun nan ba faskare ba ne, ba kuwa gawayi ba. Dusar katako ce ta masu yankan timba. A kan busar da ita, a niƙa, sa'an nan inji ya matsa ta ta cikin faranti mai huda-huda, kamar dai yadda injin taliya ya ke yi da ƙulli. Zafin matsin shi ke narkar da wani danƙo da ke cikin itacen tun asali, ya manne dusar, ta fito sandar-sandar a yanyanka ta gajajjeru. Kaurin kowace ƙwaya milimita 6 ne, bai kai na fensir ba, tsawonta kuwa ba ya wuce santimita 4. Turawa na ce da ita felet. Damshin da ke cikinta bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, shi ya sa ta ke ci da zafi ba hayaƙi mai yawa. Kilo 2 nata na ba da zafi kimanin na lita ɗaya ta man da a ke ɗumama gidaje da shi. A Turai buhunta kilo 15 ne, a Amurka wajen kilo 18.

Sana'ar ta samo ƙarfi ne bayan 1973, sa'ad da kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka shiga neman abin ƙonawa mai araha. A farkon shekarun 1980 wani injiniyan jiragen sama mai suna Jerry Whitfield, wanda ya yi aiki a kamfanin Boeing a Amurka, ya ƙera murhun gida mai cin wannan ƙwaya. Daga baya abin ya bazu a Turai, Italiyawa kuwa suka fi kowa karɓarsa.

Ga yadda ya ke aiki. A samansa ko bayansa akwai mazubi mai cin buhu ɗaya ko biyu. A gindin mazubin akwai wani ƙarfe murɗaɗɗe irin na cikin injin markaɗe, yana juyawa sannu sannu, yana ɗebo ƙwaya kaɗan kaɗan yana zubawa cikin wani ɗan kasko mai huda-huda kamar madambaci. Wani ƙarfe da lantarki ke gasawa shi ke kunna wutar. Fanka ɗaya na jawo iska ta cikin kaskon tana tura hayaƙi waje ta bututu, ta biyu kuwa na huro iska mai ɗumi cikin ɗaki. Mai gida sai ya danna yawan ɗumin da ya ke so, murhu ya riƙa ƙara ƙwaya ko ragewa da kansa. Ku riƙe abu guda tun yanzu, za mu komo kansa: ko da ya ke katako ya ke ci, ba ya motsi sai da lantarki.

To, ina batun babban gida? Nan ne mutane suka fi yin hasara. Mai sayarwa ya kan ce murhunsa na ɗumama gida mai faɗi kaza, mai saye ya ɗauka har ɗakunan kwana na bene za su samu. Sai dare ya yi, falo ya zama kamar gidan burodi, mutane na gumi, yara kuwa can ƙuryar gida suna kyarma cikin barguna uku. Ba murhun ne ya lalace ba. Iska mai ɗumi sama ta ke yi, ta taru gindin rufi ko ta haye matakala, ba ta san ta bi lungu ta karya kwana ta shiga ɗakin da aka rufe ƙofarsa ba.

Bari mu yi lissafi. Mu ɗauka gidan bene ne tsohon gini, faɗin ɗakunansa duka murabba'in mita 240, ba a yi masa abin tsare zafi ba. Irin wannan gida, ran da ɗari ya tsananta, kowane murabba'in mita ya kan nemi wajen wat 100, watau gidan duka kilowat 24. Murhun falo kuwa yawanci ƙarfinsa tsakanin kilowat 6 ne da 12. Kun ga ko rabi da ƙyar ya kai. Mai kilowat 10 in an sake masa linzami ya kan ci kilo 2 da 'yan kai a awa, buhu guda bai kai masa awa 7 ba. Wanda ya kwanta ƙarfe goma bai cika mazubi ba zai farka da asuba wuta ta mutu.

Na shekara ya fi ba da tsoro. Kowane kilo, bayan an cire abin da ya bi hayaƙi, yana barin zafi kamar na yunit 4 da ɗan ɗori na mitar lantarki. In gidan nan ya nemi yunit 150 a kowane murabba'in mita cikin shekara, an tashi 36,000 ke nan, watau ƙwaya tan 8 da 'yan kai, buhu wajen 560. Kowane buhu sai an saya, an ɗauko, an sami busasshen wurin ajiye shi, an kuma ɗaga shi an juye. Amma in aka shimfiɗa abin tsare zafi ƙarƙashin rufi da jikin bango, aka sa tagogi masu gilashi ninki biyu, aka toshe kafofin ƙofa, har bukatar ta sauko yunit 60, buhu wajen 220 ya isa. Wanda ya taɓa kwana a soron ƙasa mai kaurin bango cikin hunturu, ya kuma kwana a ɗakin kwano, ya san wannan ba sai an gaya masa ba. A ganina mai babban gida da ya fara sayen murhu kafin ya gyara rufinsa ya yi ɗiban ruwa da kwando.

Akwai dabarar da ba ta cin kuɗi. A aje ƙaramar fanka a ƙasa, bakin ɗakin da ke da sanyi, ta fuskanci inda murhu ya ke. Mutane su kan yi akasin haka, su so tura ɗumin zuwa ɗakin. Iska mai sanyi ita ce mai nauyi, tana kwance a ƙasa, in an kore ta wajen murhu sai mai ɗumin ta biyo ta saman ƙofa ta maye gurbinta. Wannan na taimakon ɗaki ɗaya ko biyu da ke kusa. Akwai kuma murhu mai bututun iska da a ke ja zuwa waɗansu ɗakuna, amma in tafiyar ta yi nisa iskar ta kan huce a hanya.

Gida mai ɗakuna da yawa, maganinsa ruwa. Akwai irin murhun da ke dafa ruwa a cikinsa, famfo ya tura ruwan zafin ta bututu zuwa lagireto da aka kafa a kowane ɗaki, in ya huce ya komo a sake dafa shi. Wanda ya fi wannan girma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a ke kafa shi, da babban tankin ajiye ruwan zafi, da rumbun ƙwaya wanda motar tanki ke zuwa ta hura masa kayan shekara ta mesa. Kuɗin kafawa da yawa, amma an huta da ɗaukar buhu. Sai dai kada a wuce gona da iri wajen girma. Murhun da ya fi ƙarfin gida ya kan yini yana mutuwa yana kamawa, makunninsa ya ƙone da wuri, bututu ya cika da kunkunniya.

Mu komo kan lantarki. Abin da murhun ke sha kaɗan ne, wajen wat 100 in yana aiki, ya ɗan ninka haka lokacin kunnawa. Amma in wuta ta ɗauke, murɗaɗɗen ƙarfen nan ya tsaya, fankoki su tsaya, ƙwayar da ke cikin kasko kuwa tana nan tana ci a hankali. In bututun hayaƙi bai miƙe sama sosai yadda zai ja da kansa ba, hayaƙin cikin ɗaki zai komo. Saboda haka masu hankali su kan haɗa shi da batir da inbata. Kada wani ya ce ai can ba a ɗauke wuta. A watan Fabrairu na 1921 ba a san wannan murhu ba, amma a Fabrairun 2021, shekara ɗari bayan nan, guguwar ƙanƙara ta bar miliyoyin mutane ba lantarki a jihar Texas ta Amurka, hukumar lafiyar jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka rasu. Waɗansunsu ba sanyin ne ya kashe su kai tsaye ba, shigo da gawayi ko janareto cikin gida suka yi don su ji ɗumi.

Abin da ya kashe waɗannan wata iska ce da a ke kira kabon monoksaid, wadda ke fita duk inda abu ke ƙonewa ba isasshiyar iska. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ta fi iskar da mu ke rayuwa da ita kama jini fiye da sau 200. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, mutum ya zaci mura ce ko gajiya, ya kwanta, daga nan sai barcin da ba farkawa. In mutanen gida duka suka kamu da ciwon kai lokaci guda, in an fita waje kuma ya lafa, to a bar gidan a buɗe, a nemi taimako. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa 112 ce. Ƙararrawar da ke jin wannan iska ba ta kai kuɗin buhu goma ba, a kafa ta kusa da ɗakunan kwana. Wannan iskar ce dai ke fita daga kaskon gawayi da a ke shiga ɗaki da shi cikin hunturu a nan gida, a rufe ƙofa da taga.

Abin mamaki, ƙwayar katako ta kan fitar da wannan guba ko ba a kunna ta ba, in an tara ta da yawa a rufaffen wuri, musamman sabuwa. A 2010 wani mutum ya mutu a rumbun ƙwaya a Jamus, a 2011 kuma wata mace mai ciki ta mutu a irinsa a Suwizalan. Ba a shiga rumbun nan sai an buɗe shi ya sha iska, da wani kuma tsaye a ƙofa. Buhunan ma ba ɗakin kwana ne wurinsu ba.

Shara kuwa tilas ce. Kullum ko bayan kwana biyu a bar murhu ya huce a kankare kaskon, gama toka ta kan narke ta dunƙule kamar kashin maƙera ta toshe hudojin. A zuba tokar a bokitin ƙarfe mai murfi, don garwashi na iya kwana cikinta da rai. Sau ɗaya a shekara gwani ya zo ya share bututu ya duba fankoki. Hukuma ma ta sa baki, saboda hazon hayaƙi da ke kwanciya a kwarin kogin Po da ɗari. A lardin Lombardiya, inda Milan ta ke, an rarraba murahu daraja daraja da taurari, daga Janairun 2020 aka hana kafa wanda bai kai taurari 4 ba. Baƙo ya tambayi ofishin gari kafin ya sayi na hannu.

Saura kuɗi. A Jamus tan guda bai kai Yuro 250 ba a tsakiyar 2021. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, aka hana shigo da katakon Rasha, kowa kuma ya ruga saye don tsoron tsadar gas, sai ga shi ya haura Yuro 700 a watan Satumba. Gwamnatin Italiya ta rage harajin ƙwayar daga kashi 22 zuwa 10 cikin 100 a shekarar 2023. Daga baya farashi ya sauko. Yawancin shekaru ta fi araha da bazara, kamar dai hatsi da kaka, mai wurin ajiya sai ya saya tun rana na da zafi.

Wajen saye a nemi buhu mai tambarin ENplus A1 da lambar kamfanin da ya yi shi, gama tokar wannan ba ta wuce kashi 0.7 cikin 100 ba. A ɗaga buhun a duba gindinsa, in gari ya taru da yawa a bar shi. A ɗora buhuna bisa katako nesa da bango, domin ƙwayar da ta sha damshi ta kan kumbura ta farfashe ta toshe murɗaɗɗen ƙarfen. Mai shakka ya ɗebi kaɗan ya jefa cikin kofin ruwa. Mai kyau nutsewa ta ke yi, ta warware ta koma dusar katako zalla, ba yashi a gindin kofin.