Ƙaramin amalanke mai rumfa don tafiyar kiwo

Jawabin wani malamin kiwo ga taron makiyaya, kafin tashin damina

Iyayena ardo-ardo, dattawa, iyaye mata, da ku samari masu bin dabbobi, barkanku da zuwa. Na san wasunku sun baro rijiya da aiki, don haka ba ni tsawaitawa.

Bara da bana mutane da yawa sun zo mini da tambaya guda. Suna son amalanke na jaki, wanda wasu ke ce ma sharet, amma mai rumfa bisa, wanda za ya ɗauki ruwa da hatsi da kayan ɗaki idan an tashi arewa da damina, in dare ya yi kuma yara su kwana ciki ba bisa jiƙaƙƙar ƙasa ba. Tunani ne mai kyau. Can ƙasashen Turawa ma akwai masu ƙera ɗan ɗaki bisa ƙafafu biyu, su ɗaura shi bayan mota su tafi kwanan daji. Su injin ke ja musu. Mu namu injin jaki ne, shi kuwa yana gajiya, yana jin ƙishirwa, bayansa yana tsagewa. To shi ya sa in kun tashi wannan aiki, kada ku fara da zuwa wurin mai walda. Ku fara da tsayawa gaban jakinku ku dube shi.

Jakin ƙasarmu bai cika wuce kilo 150 ba. Amalanken jaki irin wanda masana'antu kamar CDARMA ta Doso da ACREMA ta Tawa sunka yaɗa cikin ƙasar nan, an yi shi don kaya wajen kilo 500. Amma wannan lissafin hanya mai tauri ne, daga gona zuwa gari ko daga gari zuwa kasuwa. Ku ba can za ku ba. Wanda ya taɓa fita Dakwaro ya ƙetare kwarin Tarka, ko ya bi ta Abalak ya nufi Ingal don lasar gishiri a watan Satumba, ko ya wuce Tanut, ya san rairayi. Cikin rairayi taya nutsewa take yi, ja ya ninka. Shawarata ita ce ku raba wancan lissafi biyu. Kilo 250, shi ne iyakar kayan jaki guda a irin wannan hanya, har da mutanen da ke zaune ciki.

Bari mu ƙirga tare, ku ga yadda kilo 250 ke ƙarewa da sauri. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Bido huɗu masu lita 25, kun ga kilo 100 sun tafi. Rabin buhun gero, kilo 50. Tabarmi, sandunan gado, ƙorai, tukwane, dutsen lasa, ku ce 40. Yara biyu da ɗan rago sabon haihuwa, wajen 50 ko 60. Ƙarshe ke nan. Wanda ya ce za ya aza duro mai lita 200 cike da ruwa, to ya sani duron nan kaɗai ya cinye kusan duk rabon jakin, kuma ruwan da ke kai da komo ciki yana girgiza amalanke duk taku. Bido ya fi. Ana raba su dama da hagu, in an tarad da tudu mai wuya a sauke biyu, a haye, a komo a ɗauka.

Da wannan lissafi za ku je wurin mai walda, kuma nan ne za ku yi gardama da shi. Mai walda yana son ya sa ƙarfe mai kauri don kada a ce aikinsa ya karye. Shi ba shi ke ja ba. Duk kilo guda da ya ƙara bisa gangar jikin amalanke, lita guda ce ta ruwa da kunka rasa. Ku ce masa ya yi firam da ƙarfe mai kusurwa matsakaici, hannuwan ja kuma da tiyo, ba ƙarfe cikakke ba. Daɓen ciki a yi shi da katako busasshe. Dogon yaro yana da kyau, gara ba ta cika son shi ba, kuma a shafe shi da baƙin mai na mota kafin a kafa. Ɗanyen itace in ya bushe lanƙwashewa yake yi, ya saki noti. Kada kuma wani ya je ya sari gawo ko giginya don wannan, ma'aikatan gandun daji za su kama shi, kuma da gaskiyarsu.

Girman daɓe: tsawo mita 1 da santimita 80, don babba ya iya miƙe ƙafa, faɗi mita 1 ko ɗan ɗori kaɗan. Tazarar ƙafafu biyu ku auno ta daga sawun amalanken da ke bin hanyarku, don tayunku su faɗa cikin sawun da anka riga anka taka. Wanda ya yi nasa dabam, ƙafa guda na cikin sawu, guda na bisa tudu, yini guda yana tafiya a karkace.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe cikin duk maganar nan, shi ne inda ake kafa ƙarfen da ke haɗa ƙafafu biyu. Amalanke mai ƙafa biyu sikeli ne. In ƙarfen nan ya yi baya da yawa, nauyi duka ya sauka bisa gadon bayan jaki. In ya yi gaba, kaya su rinjaya baya, hannuwa su ɗaga sama. Ni da idona na ga wannan. Wani bawan Allah ya sa anka ƙera masa amalanke mai kyau, har da fenti shuɗi, amma anka kafa ƙarfen gaban tsakiya, ya kuma jera bidunansa can ƙarshen baya don sauƙin saukewa. Suna fara hawan wani tudu, amalanke ya tuntsura baya, jaki ya tashi sama yana shure iska, ɗamara ta shaƙe shi. Da wuƙa anka yanke ta. Jakin ya rayu, amma ƙoran matar mutumin, waɗanda ta gada wurin uwarta, rabinsu sun farfashe. Ban san wanne ya fi ba shi wahala ba, jinyar jaki ko lallashin uwargida.

To a kafa ƙarfen bayan tsakiyar daɓe kaɗan, kamar faɗin yatsu huɗu. Kaya masu nauyi, wato ruwa da hatsi, su zauna daidai bisansa, kuma ƙasa-ƙasa. Ga gwajin da ba ya son awo: in kun gama lodi, kafin ku ɗaura jaki, mutum guda ya kama bakin hannuwan ja ya ɗaga. In ya ɗaga da hannu guda yana jin ɗan nauyi, kamar na bokitin ruwa, lodi ya yi. In sai ya yi nishi, kaya sun yi gaba. In hannuwan na son tashi da kansu, kaya sun yi baya. A gyara. Kullum safe a yi wannan gwaji, don ruwan da kunka sha jiya ya sake lissafin.

Hannuwan ja kuma a auna su da jikin jakin da za ya ja. In an ɗaura shi, daɓe ya tsaya sosai, ba gangare ba. A bar tazarar tafin hannu tsakanin tiyo da haƙarƙarinsa kowane gefe, a baya kuma a bar fili don ƙafafunsa kada su bugi amalanke.

Kayan ɗauri abu ukku ne, kuma yawancin miyakun da muke wankewa a ma'aikata daga nan suke. Na farko akumari. Ya zama yana da matashi biyu, ɗaya kowane gefe, ƙashin baya na tsakiya babu abin da ke taɓa shi. Na biyu ɗamarar ƙirji, da ita jaki ke ja. A yi ta mai faɗi, kamar yatsu huɗu, da ƙirgi mai laushi ko zane mai kauri da anka ninka. Igiyar leda da tsinken taya mai waya ciki yankan nama suke yi. Kada ta hau maƙogwaro, ta zauna ƙasa da shi kaɗan. Na ukku, wanda kusan kowa ke mantawa, ɗamarar da ke zagaya cinyoyi ta baya. Ita ce birkin amalanke. In babu ita, a gangare kaya na turo jaki, akumari ya zame bisa wuyansa, ya durƙushe. Kuma jaki ba sa ba ne, ba a aza masa karkiya a wuya.

Kada ku ga kamar ina yawaita maganar jaki. Kun san yadda kuɗinsa ya hau tun lokacin da masu sayen fata sunka shigo kasuwanni, har gwamnati ta hana fitar da jakai waje a 2016. Wanda ya kashe bayan jakinsa tsakiyar tafiya, ba a nan take za ya samu wani ba. Jakin da bai cika shekara 4 ba kada a sa shi wannan ja. Jaka mai ciki, wadda ke ɗaukar wajen wata 12, a hutar da ita wata ukku na ƙarshe. Mai jakai biyu ya riƙa musanya su. A tashi da asuba, a sauka da hantsi ya yi zafi, a kwance ɗauri a ba shi ruwa, a duba ƙarƙashin akumari. In kun ga gashi ya fara gogewa, gobe miki ne.

Ƙafafu. Ku nemi tayar ƙaramar mota, lamba 13 ko 14, don ita ake samu kowace kasuwa, har tsohuwarta. Tayar babur siririya ce, yanka rairayi take yi ta nutse. In an shiga rairayi mai zurfi a rage iska kaɗan, taya ta baje, in an fito a ƙara. Ƙaya kuwa ba makawa, ta aduwa da ta farar ƙaya ba su san tsohuwar taya ba. Don haka famfon iska, faci, gam, sifana da tub guda na ajiya, a yi musu ɗan akwati ƙarƙashin daɓe, kada su fita ciki. Rulma, wanda wasu ke ce ma boris, shi ne abin da rairayi ke ci. A cika shi da giris kafin tashi, a rufe bakinsa da murfi, ko da gwangwanin tumatir ne anka daidaita. In kun ji ƙafa na kuka ko kun taɓa kun ji zafi, ku tsaya nan take. Rulma guda na ajiya ba ya da nauyi, amma rashinsa na iya zaunar da gida duka kwana biyar nesa da rijiya.

Sai rumfa, wadda ita kunka fi ɗoki, ita ce kuma mafi sauƙi. A walda ƴan guntayen tiyo huɗu kowane gefe, a lanƙwasa rodi siriri ko tsumagiyar geza a zura ciki, su yi baka huɗu. Tsayinsu daga daɓe kada ya wuce mita 1. Rumfa mai tsawo iskar hadari na kama ta kamar tanti, ta kayar da amalanke. A shimfiɗa tabarma bisa bakan, sa'an nan tampol bisa tabarma. Tampol kaɗai da rana tanda ce. Kwano kuwa ku bar shi, ga nauyi, ga zafi, ga ƙara da ke firgita dabba. Da dare sange na rataya ga bakan nan, yara su kwana babu sauro. Amma kafin kowa ya hau ya kwanta, a sa matokari biyu, gaba da baya, a kuma tare tayu da dutse ko gungume. Ba tare da su ba, yaro na mirginawa baya amalanke ya kife da shi. Murhu kuma a yi shi nesa, ta inda iska ba ta kawo tartsatsi. Tampol na leda da busasshiyar ciyawa, kun san abin da gobarar daji ke yi wa makiyaya.

Wani abu da maza ba ku so a faɗa: kafin a yanka ƙarfe ko guda, a kira matan gida. Su ke kwance ɗaki su ɗaure shi, su sunka san tsawon sandunan gado da yawan ƙorai, kuma sau da yawa su da yara ke korar jakai. Ko ba haka ba, Inna? To kun ji. A bari su faɗi inda za a sa ƙugiyoyi da ragar ƙorai. Maganin dabbobi da katin rigakafi a ba su wuri guda cikin inuwa, inda ruwa ba ya kai.

Hanya kuma. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar muku da haƙƙin tafiya da dabbobinku, amma amalanke ba ya ratsa gona kamar yadda akuya ke yi, sawunsa a bayyane yake. Ku bi burtali, ko da ya fi nisa. Korama in tana gudu kada ku shiga, ku jira ta janye, ku taka da ƙafa ku ji ƙasan tukuna. In dole ta sa kunka hau kwalta, ku yi da rana. A liƙa jan abu mai walƙiya bayan amalanke, don direban babbar mota ba ya ganin ku da dare sai ya iso.

In an gama ƙira, kada ranar tashi ta zama ranar gwaji. Sati biyu kafin nan ku yi cikakken lodi, ku je rijiya mai nisa ku komo, ku bi ta rairayi da tudu da gangare. Da kun komo a sake ɗaure duk noti, don sabon katako yana saki. Sa'an nan ku biyo da jakin nan ma'aikatar kiwo, da kayan ɗaurinsa a jikinsa, mu duba kofato da baya, mu ba shi maganin tsutsar ciki. Mai tambaya ya ɗaga hannu. Ardo, bismilla, kai za ka fara.