Gwajin Bakin Mahaifa Ba Ya Hana Haihuwa

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, wadda ke aikin ungozoma, ta gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara



Da farko ina neman gafarar malamanmu, musamman maza, domin abin da zan yi magana a kai ba irin wanda ɗiya ke faɗa a gaban iyayenta ba ne. To amma ku ne kuka zana mana hoton mahaifa a kan allo a darasin bayoloji, muna sunkuyar da kai muna dariya ƙasa-ƙasa. Yau ga ranar amfanin wannan darasi ta zo.

A wurin aiki na sha haɗuwa da matan da aka ce su zo gwajin bakin mahaifa suka ƙi. Akwai wata baiwar Allah da ba na mantawa da ita. 'Ya'yanta biyu, tana son ƙari, ga kishiya. Ta ce mini, "Sista, an ce in an taɓa wurin sai a cire mahaifa." Ta tafi ba ta yi ba. Bayan wasu shekaru ta komo da zubar jini, a lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinta. Mahaifar da take tsoron rasawa ita aka cire. Saboda haka maganata guda ce a yau: gwaji ba ya hana haihuwa, jinkiri shi ne ke raba mace da mahaifarta, wani lokaci har da ranta.

Sankarar bakin mahaifa ita ce ta biyu a cikin ire-iren ciwon daji da suka fi kama mata a Nijeriya. A shekarar 2020 kaɗai an ƙiyasta mata kimanin 12,000 sun kamu, wajen 8,000 kuma sun rasu. Kusan dukkanta wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke haddasa ta. Wani likita Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano wannan alaƙa, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar iri-iri ce, amma nau'i na 16 da na 18 su ke jawo kimanin kashi 70 cikin ɗari na wannan sankara.

Ana ɗaukar ƙwayar ta wajen saduwa, kuma yawancin mutane, maza da mata, sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba su sani ba. A cikin mutum goma, jikin wajen tara yakan kawar da ita da kansa cikin shekara biyu. Wadda ta zauna mata a jiki ce ke cikin haɗari, kuma yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin abin ya zama daji. Ga mai ɗauke da ƙanjamau lokacin ya fi gajarta. Kun ga ashe ciwo ne mai ba da dogon wa'adi. A nan ina da jan hankali: in an sami ƙwayar a jikin mace, kada a ɗauka shaida ce ta cin amana. Tana iya kwantawa shekaru da yawa kafin a gano ta. Kada sakamakon gwaji ya kashe aure.

Shi gwajin fa, yaya ake yin sa? Ana iya shafa ruwan khal a bakin mahaifa a duba ko wani wuri zai yi fari. Ana iya shafo ɗan ruwan wurin a kai ɗakin bincike a duba shi da madubin likita, ko a nemi ƙwayar ita kanta. Duk cikin 'yan mintoci ne, ba yanka, ba a shiga cikin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a soma daga shekara 30, mai ƙanjamau kuwa daga 25.

In an ga alamar canji tun bai zama daji ba, sai a ƙona ɗan wurin da zafi ko da sanyi, mace ta koma gida a ranar, mahaifarta tana nan, kuma tana iya ɗaukar ciki. In wurin yana da faɗi, akan yanke shi da wata 'yar waya mai lantarki. Gaskiya ita ce wannan yankan yakan ɗan ƙara yiwuwar haihuwar bakwaini, musamman in an yanka da zurfi. Don haka wadda aka yi wa ta faɗa wa ma'aikata tun ranar da ta fara awo. Amma mafi yawansu suna haihuwa lafiya.

Mai juna biyu da aka sami ƙwayar a jikinta ta kwantar da hankalinta. Galibi ba ta taɓa jariri, kuma ita kaɗai ba dalili ba ce na yin tiyata wajen haihuwa. Likita zai riƙa dubawa, maganin kuma akan jinkirta shi sai bayan an sauka.

Sai maganar 'ya'yanmu. A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta shigar da allurar rigakafin HPV cikin jerin allurai na gwamnati, kyauta, sau ɗaya, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Nan da nan tsohuwar jita-jita ta taso, wai ana son a hana su haihuwa. Mu da muka ga abin da ya faru a 2003, lokacin da irin wannan magana ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi, mun san yaran da suka gurgunce a sanadiyyar haka. Ita wannan allura tun 2006 ake yin ta a duniya, miliyoyin 'yan mata sun karɓa, da yawansu yau iyaye ne. Bincike bai nuna tana hana haihuwa ba. Mai ciki dai ba a yi mata, sai ta haihu.

'Yan uwa, ga roƙona. Duk wadda ta kai shekara 30 ta je ta tambayi gwaji a asibiti, ko da ba ta jin ciwon komai. Wadda ke ganin jini bayan saduwa, ko tsakanin haila da haila, ko bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe, ta tafi a wannan mako. Mu kai 'ya'yanmu da jikokinmu allura. Ina kuma ba shugabannin ƙungiya shawara, a taron baɗi a gayyato ma'aikatan lafiya su yi mana gwajin a nan makaranta. Malamanmu maza, ku ma da naku: ku ba iyalanku izini da kuɗin mota.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Kowacce in ta koma gida ta faɗa wa maƙwabciyarta abin da ta ji. Allah ya ba mu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.