Amsoshin Takardunku: Wace Tukunya Ce Ke Riƙe Wutar da Ta Fi Rana Zafi?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a yankin Funtuwa. Ya ce ya ji masana na ƙoƙarin kunna irin wutar rana a cikin inji don samar da lantarki, to wace tukunya ce za ta riƙe ta ba ta narke ba?

To malam, madalla da wannan tambaya. Abin da ke ba rana zafi shi ne ƙwayoyin zarra na iskar haidirojin da ke haɗewa da juna. A nan duniya, kafin su haɗe sai an gasa iskar ta wuce digiri miliyan 100, alhali tsakiyar rana miliyan 15 ne. Ba ƙarfen da zai jure wannan. Shi ya sa ake rataye iskar da ƙarfin maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, cikin inji mai siffar gammo, tana zagayawa ba ta taɓa bango ba. Sunan injin tokamak, kuma masanan Tarayyar Sobiyet suka ƙirƙiro shi a shekarun 1950.

Amma fa wahalar ba ta kai wannan zafi ba ce, ta tsare shi ce. Iskar takan hautsine, zafin ya zurare kamar ruwa a randa mai yoyo, cikin kimanin daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka. In yoyon ya fi abin da ake samu, an yi cinikin biri ke nan. A 1997 injin JET na Ingila ya ci megawat 24 na dumama, ya bayar da 16. Ka ga ko uwar kuɗi ba ta dawo ba.

Dabara biyu ake bi. A 1982 masana a Jamus suka gano yanayin da gefen iskar ke zama shinge, ya ninka lokacin riƙe zafin. Ta biyu ita ce girma: ai tuwon babbar tukunya ya fi na ƙaramin akushi daɗewa da zafi. Don haka ake gina ƙaton inji mai suna ITER a kudancin Faransa, da burin a zuba megawat 50 a sami 500.

In an dace, wani ɓangare na makamashin daga ruwan teku za a tace shi, kuma ba hayaƙi. Sai dai har yau babu gidan da ke shan wannan wuta, saboda haka kada ka yar da fitilarka tukuna. Da fatan ka gamsu. A huta lafiya.