Tukunya Kafin Kwalba: Abinci, Ganye da Lafiyar Bahaushe



Duk wanda ya ratsa tasha ko bakin kasuwa a Kano, Zariya ko Maraɗi ya san motar mai magani. Lasifika a kan rufi, jarkoki da kwalabe jere a but, murya tana ta zubo sunayen cututtuka: basir, sanyi, shawara, taifot, hawan jini, ciwon sukari, raunin mazakuta, kuma wai duk kwalba ɗaya ce maganinsu. 'Yan taku kaɗan daga nan akwai tsohuwa da farantin dafaffen zogale da garin ƙuli-ƙuli, ba mai yi mata talla. Abin da zan kare a gabanku yau shi ne, amfanin ganye ga lafiyarmu ya fi yawa a wancan farantin, wato a matsayinsa na abincin yau da gobe. Da zarar ganye ya tashi daga miya ya koma magani, to ya shiga hurumin awo da gwaji, kuma wanda bai san awonsa ba bai kamata ya ɗora shi a kan cikin mutane ba.

Mu fara da abin da muka gada a tukunya. Gero da dawa hatsi ne masu jure fari, suna ɗauke da sinadarin ƙarfe da dusa mai rage saurin shigar sukari cikin jini, muddin ba a surfe su har sun yi fari tas ba. Idan aka haɗa hatsi da wake, kamar a ɗanwake ko dawa da wake, kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen sinadarin gina jiki. Jiƙa gero da barin gasara ta yi tsami suna rage wani sinadari da ke hana hanji tsotsar ƙarfe, tsamiya da lemon tsami kuma suna taimaka wa tsotsar. Matan da suka ƙirƙiro kunun tsamiya da koko ba su shiga ɗakin gwaji ba, amma abin da suka yi ya dace da abin da ɗakin gwaji ya gano daga baya. Ga daddawar kalwa, ga kuka, rama, yakuwa, lalo, alayyahu da tafasa, ga nono a kan fura. Duniya ma ta waiwayo: Tarayyar Turai ta amince a sayar da garin 'ya'yan kuka a kasuwanninta a 2008, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Abin da muke yi wa kallon cimar ƙauye, shi ake ƙullawa a leda mai ƙyalli a sayar da tsada a Landan.

A cikin shekaru kamar arba'in, kwanon mutumin birni ya sauya. Farar shinkafa, taliya, burodi da shayi mai kauri, Indomie ga yara, lemon kwalba a kowane biki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50, sannan a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Robar lemo ɗaya mai rabin lita takan cinye kason sukarin yinin gaba ɗaya. Dunƙulen magi kuwa kusan rabinsa gishiri ne, kuma uwargida takan jefa huɗu ko biyar a miya sannan ta ƙara gishiri a kai. Haɗa wannan da zaman ofis da shago, da hawa babur zuwa masallacin da ke bayan layi, za ka ga inda hawan jini da ciwon sukari suka samo ƙofa. Mutumin da ya shekara ashirin yana tara cuta da cokali, ba kwalbar sati ɗaya ce za ta kwashe masa ita ba.

Na san za a ce ai kakanninmu da sassaƙe da saiwa suka rayu, kuma sun fi mu ƙarfi. Akwai gaskiya a ciki: sun fi mu tafiya a ƙasa, sun fi mu noma, ba su san lemon kwalba ba. Sai dai tsofaffin da muke gani mu yi sha'awa su ne waɗanda suka tsira. Ba ma lissafa 'yan'uwansu da ƙyanda, agana da zazzaɓi suka ɗauke tun suna goye, ko matan da suka rasu a kan gwiwa. Agana ma rigakafi ne ya kawar da ita daga doron ƙasa, aka tabbatar da haka a 1980. Har yanzu kuma tukunyar gargajiya ba ta isar kowa. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57, a yankin da ke noma gero, wake, gyaɗa da waken suya. Talauci na da hannu, amma rabon abinci a cikin gida ma na da nasa: yaron da aka yaye ana ɗura masa tsinkakken koko zalla, ƙwai a kai kasuwa, tsokar nama ta tafi kwanon maigida. Cokali biyu na garin gyaɗa ko waken suya da ɗan garin zogale a kunun yaro sun fi masa duk wani jiƙo da za a ba shi da sunan maganin tamowa.

To, ganye yana magani ko ba ya yi? Yana yi, kuma zoɓo kyakkyawan misali ne domin an gwada shi. A wani bincike da Jami'ar Tufts ta Amurka ta wallafa a 2010, an ba mutane masu ɗan hawan jini kofi uku na ruwan zoɓo kullum har mako shida, sai awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7. Wannan ba abin rainawa ba ne, amma a lura da iyakarsa. Mutanen ba masu tsananin ciwo ba ne, an auna yawan zoɓon, kuma ba a sa masa sukari ba. Ku dubi yadda ake haɗa na sayarwa a unguwanninmu: a tafasa, a tace, a kwarara sukari da gwangwani, a ƙara kala da ƙamshin kanti, a ƙulla a leda. Mai ciwon sukari da ya sha wannan da niyyar magani ya cuci kansa. Wanda kuma jininsa ya haura 180 ya ajiye ƙwayarsa ya koma zoɓo, shanyewar ɓarin jiki yake gayyata.

Hujjar da masu kwalba suka fi riƙewa ita ce maganin asibiti ma daga itace aka samo shi. Haka ne. Kwinin daga ɓawon wani itacen Kudancin Amurka ya fito, masana biyu a Faransa suka tace shi a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha yau ya samo asali daga tsiron da muke kira tazargade. Sai dai a bi labarin zuwa ƙarshensa. Tu Youyou da abokan aikinta a ƙasar Sin sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000, suka yi ta gwaji yana faɗuwa, sai a 1971 suka gane cewa zafin tafasa yana lalata sinadarin, suka koma tatsarsa da ƙaramin zafi. Aikin ne ya kai ta ga lambar yabo ta Nobel a 2015. Gargajiya ta nuna inda za a haƙa, awo da gwaji suka fito da maganin. Yawan sinadarin a ganyen tazargade yana bambanta daga gona zuwa gona, daga ɗanye zuwa busasshe, don haka mai shan jiƙonsa bai san nawa ya sha ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a yi maganin maleriya da shayin ganyen ba. Idan abin da aka sha bai isa ya kashe ƙwayar cutar ba, sai ya koya mata jurewa, kuma an riga an ga alamun wannan turjiya a Ruwanda da Yuganda. Mai jiƙon tazargade yana iya jin sauƙi yau, ya taimaka wajen lalata maganin da jikansa zai buƙata.

Akwai kuma zaton cewa abin da ya tsiro daga ƙasa ba ya cutarwa, alhali kowa a nan ya san zaƙami da tunya. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam sun samu mummunan ciwon ƙoda bayan shan haɗin rage ƙiba da wani tsiro mai suna Aristolochia ya shiga cikinsa. Da yawa sun ƙare a wankin ƙoda, wasu suka kamu da ciwon daji. Dangin wannan tsiro suna fitowa a Afirka ta Yamma. Misali mafi kusa da mu shi ne jego. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙaro wasu dalilai, har da ƙarancin sinadarin seleniyom da rashin abinci mai gina jiki, don haka ba za a ɗora wa kanwa laifin duka ba. Amma kanwa gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki, kuma ɗura ta kwana arba'in ga macen da ƙafarta ta kumbura kasada ce. Hutun jego, kulawar uwa ko gwaggo, farfesu da kunun gyaɗa, waɗannan gado ne mai kyau da ya kamata a riƙe. Kanwar ce za a rage.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne kwalbar da ba ganye kaɗai ke cikinta ba. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kama maganin ƙarfin maza da aka ce na itace ne, ashe an niƙa ƙwayar asibiti a ciki. Irin haɗin ƙiba da 'yan mata ke kira "sha ka fashe" sau da yawa ƙwayoyi ne masu kumbura jiki, suna tayar da sukari da hawan jini. Mai saye zai ce ai akwai lambar NAFDAC. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, tana ba maganin gargajiya lambar wucin gadi ne bayan duba cewa ba guba ba ne, kuma takan sa a rubuta a jikin kwalbar cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Rubutun ƙanana ne, shi ya sa ba a karanta shi.

Ƙorafin da ya fi kowanne nauyi shi ne na talaka, kuma ba zan raina shi ba. Asibiti ya yi nisa, layi ya yi tsawo, kuɗin gwaji da na magani sun fi ƙarfin aljihu, mai magani kuwa yana kusa, yana sauraro, yana karɓar abin da ya samu. Wannan laifin hukuma ne, kuma duk likitan da ke yi wa mara lafiya tsawa yana tura shi wajen mai lasifika da hannunsa. Sai dai araha ba ta ado. Wanda ya shekara yana shan jiƙo a kan hawan jinin da bai taɓa aunawa ba, ranar da ƙoda ta tsaya zai tarar kuɗin wanki na mako ɗaya ya fi kuɗin ƙwayar shekara guda. Talaka ne ya fi kowa buƙatar a gaya masa gaskiya, domin shi ne ba shi da gonar da zai sayar a karo na biyu.

Wasu za su kawo zuma da habbatus sauda, su ce sun zo a hadisi. Babu musu a kan falalarsu. Malaman da suka yi sharhin wannan babi, irin su Ibnul Ƙayyim, sun bayyana cewa magani yana aiki ne idan ya dace da cutar, da jikin mai ita, da kuma gwargwadon da ya kamata. Addinin da ya yi umarni da neman magani bai ce a bar mai ciwon sukari ya sha zuma da ludayi ba, kuma likitocin yara sun hana ba jaririn da bai shekara ba zuma saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Fakewa da sunan Musulunci don sayar da haɗin da ba a san abin da ke ciki ba cin amana ne.

Kula da lafiya ta gaskiya aiki ne mara armashi: auna jini ko da ba a jin ciwo, tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, shayar da jariri nono zalla wata shida, zubar da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna saboda gubarsu na lalata hanta, da gaya wa likita duk jiƙon da ake sha domin wani ganyen yana karo da ƙwaya. Sauran aikin yana kan jami'o'i. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta nuna hanya a shekarun 1990, lokacin da ta karɓi wani haɗin gargajiya na cutar sikila daga hannun mai shi, ta gwada, ta fitar da shi da sunan Niprisan. Matsalar kuɗi da ta kasuwanci sun dabaibaye shi daga baya, amma tsarin ya tabbata: a yi yarjejeniya da mai ilmin gado, a kare haƙƙinsa, a auna, a gwada, a buga sakamako ko da bai yi daɗi ba. Sabara, marke, hano da maɗaci suna jiran irin wannan aiki a sassan harhaɗa magunguna na Zariya, Kano, Sakkwato da Yamai, kuma tsofaffin da suka san lokacin saran sassaƙensu da yawan da ake jiƙawa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.