Jawabi ga Matasa: Darasi daga Rayuwar Adrien Niyonshuti

 

Yau labarin wani ɗan tseren keke na kawo muku. Na san wani zai ce, keke kuma? Ku dai ba ni aron kunnuwanku.

Sunansa Adrien Niyonshuti, Musulmi ne ɗan ƙasar Ruwanda, an haife shi a 1987. Yana da shekara bakwai aka yi kisan ƙare dangi na 1994, aka kashe masa ƴan'uwa maza shida. Allah ya tsirar da shi. Da ya tasa, sai wani kawunsa ya ara masa tsohon keke, ya shiga hawa da sauka a tuddan ƙasarsu, kullum ba fashi.

A 2008 ya lashe tseren zagayen Ruwanda. A 2009 ya zama ɗan ƙasar na farko da ya kara da ƙwararrun Turai, a tseren Ayalan. A 2012 shi ya riƙe tutar Ruwanda a gasar Olamfik ta Landan, ya shiga tseren keken duwatsu. Bai ci lambar yabo ba, amma ya kai ƙarshen tseren. A 2013 ciwon daskarewar jini ya kwantar da shi wata da watanni. Ya yi haƙuri, ya warke, ya sake riƙe tutar a Riyo a 2016.

Abin da ya fi burge ni, bai manta gida ba. Ya buɗe makarantar koyon tseren keke a garinsu Rwamagana, don yaran da ke tasowa.

Ƙannena, ku duba nan Agadas. Matasa nawa muka ga sun hau mota sun nufi Dirku da Libiya, har yau ba labarinsu? Nawa ne ƙwaya ta cinye? Talauci gaskiya ne, ba na musu. Amma wannan bawan Allah da keken aro ya fara.

To kai me ke hannunka? Allo ne, ko teburin ɗinki, ko garkar mahaifinka, ko kabu-kabu? Riƙe shi da gaskiya, ka tashi da asuba, ka tsare sallarka. In Allah ya buɗa maka, ka waiwayo ka ja hannun na baya.

Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya.