Marubuci da Makomar Rubutunsa



Da yawa daga cikinmu mukan rubuta maƙala mu sayar wa dillalan rubutu domin mu sami kuɗin littafi da na abinci. Akan biya mu, amma daga nan sai labari ya yanke. Ba mu san inda aka buga ta ba, balle sunan wanda aka sa a kanta. Ai ko wanda ya aurar da 'yarsa yakan san gidan da aka kai ta.

Wannan kuka ba namu ba ne mu kaɗai. A 1993 waɗansu marubuta masu zaman kansu a Amurka, bisa jagorancin Jonathan Tasini, suka yi ƙarar jaridar New York Times da wasu kamfanoni, domin an zuba maƙalunsu cikin rumbunan kwamfuta ana sayarwa ba da izninsu ba. A 2001 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, da amincewar alƙalai 7 cikin 9. Haka kuma Yarjejeniyar Berne, wadda Nijeriya ta shiga a 1993, ta tanadi cewa ko marubuci ya sayar da haƙƙin bugawa, yana da ikon cewa aikin nasa ne.

Saboda haka, kafin ku miƙa rubutu, ku nemi sharaɗi a rubuce: ina za a buga, sau nawa, kuma da sunan wa. Ranar neman aiki edita zai tambaye ku abin da aka taɓa buga muku, rasidin kuɗi kuwa ba zai yi muku shaida ba.