Ƙararrawar Hayaƙi da Shagon da Ba Kowa a Ciki



Kowa a nan yana tune da gobarar da ta ci shaguna masu yawa a Babbar Kasuwar Katsina cikin watan Maris na 1921 da ɗari, watau 2021. Ƙararrawar hayaƙi, 'yar na'urar nan da ake kafawa a rufin ɗaki, aikinta ta tā da wanda ke kusa. To, shagon da aka kulle a Ƙofar Guga, mai shi yana barci a Ƙofar Ƙaura, wa za ta tayar?

Nan samarinmu masu gyaran rediyo da waya ke da abin yi. Ana iya haɗa ta da ƙaramin allon lantarki irin Arduino mai ɗauke da layin waya, da ta ji hayaƙi sai saƙo ya iske mai shago. Amma fa a yi hattara. Irin wadda ke aiki da wutar gari tana da waya ta uku mai fitar da kimanin bolt 9 in ta tashi, kuma wayar ba ta rabu da wutar gari mai bolt 230 ba. Lalle a sa rile tsakaninsu, kada kuma a farke cikinta. Ko allon ya mutu, dole ta yi kururuwarta da batirinta.

Sa'an nan ga ƙurar hunturu. Mai aiki da haske ba ta bambanta ƙura da hayaƙi, kuma wanda aka tayar sau uku a banza, ran na huɗu wayarsa a kashe take. Sai a riƙa kakkaɓe ta, a sake sabuwa bayan shekara 10.